Kwana 21 kafin a zuba harsashi: masu sa ido kan izinin gini a gandun Peak District na Ingila

Takarda ce guda ɗaya, an lulluɓe ta da leda saboda ruwan sama, an ɗaure ta a jikin falwaya ko a ƙofar shiga gona. Mai wucewa a mota ba zai ma lura da ita ba. Abin da ke rubuce a kai bai wuce layi kaɗan ba: lambar fayil, sunan wurin, abin da ake so a gina, da ranar da za a rufe karɓar ra'ayin jama'a. Kwana 21 ne. Idan suka cika, jami'in hukuma zai zauna da abin da ke cikin fayil ɗin, ko an yi magana ko ba a yi ba. In aka ba da izini, aka zuba harsashi, aka ɗora dutse kan dutse, to tudun nan ya sake kama ke nan, kuma jikokin masu ginin ma haka za su tarar da shi.

A gandun Peak District, wanda ke shimfiɗe tsakanin biranen Manchester da Sheffield, akwai mutanen da suka ɗora wa kansu karanta irin waɗannan takardu, ba tare da ana biyansu ko kwabo ba. A wajenmu in aka ce 'yan sa-kai, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne samari da bindigar toka suna sintiri a bayan gari. Waɗannan dabam suke. Da yawansu dattawa ne da suka ajiye aiki, wasu sun san zanen gini, wasu sun yi aikin safiyo, wasu kuma ba su da komai sai sanin kowace hanyar ƙafa da ke yankin. Kayan aikinsu taswira ne da kwamfuta da takalmin shiga taɓo. Abin da suke gadi kuwa shi ne kamannin ƙasa, wato abin da ido ke gani idan mutum ya tsaya a kan tudu ya dubi kwari.

Kafin a gane amfanin wannan aiki, sai an warware wani ruɗani da kalmar gandu ke jawowa. Wanda ya san Yankari ya san wuri ne da gwamnati ta shata, ta hana noma da kiwo da zama a ciki, ta sa masu gadi da ƙofar shiga. Haka Yellowstone ta Amurka take tun 1872, ƙasar gwamnati ce. Gandayen Birtaniya guda 15 ba haka suke ba. Peak District, wanda shi ne na farko da aka ayyana a 1951, faɗinsa murabba'in kilomita 1,437 ne, kuma mutum wajen 38,000 ne ke kwana su tashi a cikinsa. Akwai makarantu da coci-coci da kasuwa, akwai garin Bakewell, akwai masana'antar siminti a kwarin Hope da take aiki tun 1929. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙasar ba ta gwamnati ba ce, tana hannun manoma da manyan masu filaye da kamfanonin ruwa da National Trust, ƙungiya mai zaman kanta da ke adana filaye da wuraren tarihi. Hukumar gandun kanta abin da ta mallaka bai taka kara ya karya ba. Babu shinge, babu tikitin shiga. Hasali ma kyan da miliyoyin baƙi ke zuwa kallo duk shekara aikin hannun mutane ne: katangun dutse da aka jera ba tare da siminti ba, makiyayar tumaki, tsofaffin gidaje da aka gina da dutsen da ke ƙarƙashinsu.

To ta yaya za ka tsare ƙasar da ba taka ba? Amsar tana cikin wata doka ta 1947, dokar tsara birane da karkara. Ita ce ta raba mallakar fili da ikon yin gini a kansa. Fili naka ne, ka gada ko ka saya, amma ba za ka gina sabon gida ko ka buɗe mahaƙar dutse ko ka mai da ɗakin dabbobi masaukin baƙi ba sai da izini. Shekara biyu bayan haka, a 1949, aka yi dokar da ta kafa gandayen ƙasa. Daga baya dokar muhalli ta 1995 ta ba kowane gandu a Ingila da Wales hukuma mai cin gashin kanta, kuma ita ce ke ba da izinin gini a cikin iyakarta, ba ƙaramar hukuma ba. Dokar ta ɗora mata manufa biyu: kiyaye kyan ƙasa da namun daji da kayan tarihi, da kuma buɗe wa jama'a hanyar fahimtar wurin da jin daɗinsa. Idan biyun suka yi karo har aka rasa yadda za a sasanta, kiyayewa ce ke gaba. Ana kiran wannan ƙa'idar Sandford, da sunan mutumin da ya shugabanci kwamitin da ya kawo ta a 1974.

Ke nan izinin gini shi ne shingen gandun. Duk inda aka sassauta shi, nan ɓarna ke shigowa.

Gandun kansa ba gwamnati ce ta wayi gari ta ba da shi kyauta ba. A ranar 24 ga Afrilun 1932 ɗaruruwan ma'aikata daga Manchester da Sheffield suka hau tudun Kinder Scout da gangan, alhali masu shi sun killace shi don harbin wani tsuntsu mai kama da makwarwa. An yi artabu da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar, har da jagoransu Benny Rothman. Wannan labari kowa ya san shi a can. Wanda ya fi kusa da batunmu shi ne na Ethel Haythornthwaite, 'yar wani attajirin Sheffield da mijinta na fari ya mutu a yaƙin duniya na ɗaya. Baƙin ciki ya kusa kayar da ita, danginta suka riƙa tura ta yawo cikin tuddai don ta samu sauƙi, daga nan ƙaunar wurin ta shige ta. A 1924 ta tara mutane suka kafa ƙungiyar kare karkarar da ke kewaye da Sheffield. Su ne suka yi gangamin tara kuɗin da aka sayi filin Longshaw da shi, aka miƙa wa National Trust a 1931. Mijinta na biyu, Gerald, mai zanen gini ne, saboda haka ƙungiyar ba a kan ƙin amincewa kaɗai ta tsaya ba, tana nuna wa masu gini irin dutse da rufi da fasalin da zai dace da wuri. Ethel ta zauna a kwamitin Hobhouse wanda rahotonsa na 1947 ya zana inda gandayen za su kasance. Ƙungiyar tata tana nan har gobe a matsayin reshen Peak District da Kudancin Yorkshire na CPRE, ƙungiyar kare karkarar Ingila, kuma an daɗe ana saninta da sunan Friends of the Peak District. Kusan kowane gandu yana da irin tasa: Friends of the Lake District tun 1934, Dartmoor Preservation Association tun 1883, tun ma kafin a san za a yi gandun.

Yanzu ga yadda aikin yake a zahiri. Duk mako hukumar gandun tana fitar da jerin sababbin takardun neman izini a shafinta na intanet. Mai sa-kai yakan ɗauki yanki guda, ƙauyuka kaɗan da ya sani ciki da bai, ya bi jerin ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawansu ba abin tsayawa ba ne: wani zai canza taga, wata za ta ƙara ɗaki a bayan gida. Gwanintar tana wajen tankaɗe, wato gane guda ɗaya ko biyu da ke da magana a cikin tarin da ba su da ita. Wani lokacin bayanin layi ɗaya ne mai kama da ba komai, sai an buɗe zanen a ga tsawo da faɗi sannan a gane girman abin.

A ce manomi yana son gina babban ɗakin shanu na hunturu. Buƙata ce ta gaskiya, domin sanyin wurin ba ya barin dabba a fili, kuma in babu manomi babu wanda zai gyara katangar dutse ko ya riƙe makiyaya. Mai sa-kai zai buɗe taswira ya ga inda aka sa jan layi. Sai ya lura wurin yana daidai kan ƙoƙuwar tudu, nesa da sauran gine-ginen gonar. A kan takarda wannan ba ya nuna komai. Saboda haka zai sa takalmi ya tafi, ba cikin gonar mutum ba, a'a, kan hanyar ƙafa ta jama'a da ta ratsa ta wancan gefen kwarin. Zai tsaya, ya ɗaga zanen, ya auna da ido inda rufin zai kai. In ya ga rufin zai yanke layin da tudu ya haɗu da sama, to ya san duk wanda ya biyo wannan hanya daga yau abin da zai fara gani ke nan. Zai ɗauki hoto, ya rubuta daidai inda ya tsaya. Gani ya kori ji. Jami'in hukuma ma yana zuwa duba wuri, amma yana da fayiloli jibge a gabansa, kuma ba lallai ne ya san cewa daga wancan tudun, mai nisan kilomita biyu, aka fi hango wurin ba.

Wasiƙar da zai rubuta ita ce inda ake gane ƙwararre da sabon shiga. Doka ta ce a yanke hukunci bisa kundin tsarin da hukumar ta riga ta amince da shi, sai fa in akwai wani dalili mai nauyi da ya shafi amfani da ƙasa. Don haka ba kowane ƙorafi ne ke shiga ma'auni ba. Wanda ya rubuta cewa ginin zai tare masa abin da yake hangowa ta tagar ɗakinsa, ko zai karya darajar gidansa, ko kuma mai neman izinin ba mutumin kirki ba ne, ya ɓata tawadarsa, domin ba a auna waɗannan. Abin da ake aunawa shi ne illa ga kamannin ƙasa, fasalin gini da kayan da za a yi shi da su, cunkoson motoci a siririyar hanya, ambaliya, hayaniya, hasken fitilu da dare, jemagu da tsuntsayen da ke sheƙa a wurin, kusanci da ginin tarihi. Mai sa-kai da ya san aikinsa zai kawo lambar sashen kundin da aka saɓa wa, ya haɗa da hotonsa, sannan ya ce: in aka sauko da ɗakin kusa da tsofaffin gine-ginen gonar, aka yi rufi mai duhu maras ƙyalli, aka shuka itatuwa irin na yankin a gefe, ba mu da ja. Irin wannan wasiƙa guda ɗaya ta fi ɗari masu cewa ba mu yarda ba kawai, domin ta ba jami'in abin da zai riƙa ya koma wa mai nema da shi.

Ni a ganina nan ne ainihin nasarar aikin take, kuma nan ne ba a ganinta. Hukumomin gandayen Ingila suna amincewa da kusan tara cikin goma na takardun da ake kai masu. Ashe ba hana gini ake yi ba. Abin da ke faruwa shi ne gini yakan fito da wata siffa dabam da wadda ya shiga da ita: ya rage tsawo, ya matsa gefe, an sa masa sharaɗin dutse maimakon bulo, an hana fitilar da za ta kwana tana haska sama. Babu jaridar da za ta buga labarin ɗakin shanun da aka matsar da shi mita hamsin. Amma tun ran gini tun ran zane, bayan an gama kuwa sai dai kallo.

Yawancin takardu jami'ai ne ke yanke masu hukunci a ofis. Waɗanda suka jawo ce-ce-ku-ce, ko majalisar ƙauye ta saɓa da shawarar jami'i a kansu, su ake kaiwa gaban kwamiti a hedikwatar hukumar da ke Bakewell. Mambobin hukumar gauraye ne: kansiloli, wakilan majalisun ƙauyuka, da waɗanda minista ya naɗa. Mai ƙorafi yana da minti uku ya yi magana. Minti uku ba ya ɗaukar gaisuwa da shimfiɗa, dole mutum ya zo da hujjarsa a dunƙule. Ƙananan takardu ana so a kammala su cikin mako 8, manya cikin mako 13.

Akwai wani rashin daidaito a tsarin da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin shi ne ya sa kwana 21 ɗin nan suke da tsada. In aka hana mai nema izini, yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa ga sufeton gwamnati, yana kuma iya gyara zanensa ya sake dawowa. In aka ba shi izini, wanda ya yi ƙorafi ba shi da wannan dama ko kaɗan. Abin da ya rage masa shi ne ya garzaya Babbar Kotu cikin mako shida, ita kuma kotu ba ta duba ko ginin yana da kyau ko muni, abin da take dubawa shi ne ko hukuma ta bi doka wajen yanke hukuncin. Kuɗin lauyoyi kaɗai ya isa ya durƙusar da ƙaramar ƙungiya. Mai gini zai iya faɗuwa sau uku ya ci a na huɗu. Mai karewa in ya faɗi sau ɗaya, bakin alƙalami ya bushe.

Babu abin da ya nuna nauyin kalma a cikin takardar izini kamar rikicin Longstone Edge, wani dogon tudu na dutsen farar ƙasa a arewacin Bakewell. A 1952, gandun yana da shekara ɗaya, gwamnati ta ba da izinin haƙar wasu ma'adinai a wurin, musamman wanda ake kira fulosfa, da ake amfani da shi wajen narka ƙarfe da haɗa sinadarai. Takardar ta ƙara da cewa ana iya ɗibar duk wani ma'adinin da aka ci karo da shi a yayin wannan haƙa. Wanda ya rubuta wannan jimla yana tunanin ƙaramin aiki ne na bin jijiyar ma'adini cikin dutse. Bayan shekaru arba'in da wani abu, sai masu aiki a mahaƙar Backdale suka karanta ta yadda ta dace da su: tunda sai an kawar da dutsen farar ƙasa kafin a kai ga fulosfa, to dutsen ma halal ne a sayar. Shi kuma dutsen kasuwarsa ba ta mutuwa, domin da shi ake shimfiɗa titi. Tsakanin tsakiyar 2003 da ƙarshen 2005 an fitar da fiye da tan 500,000 na dutse, fulosfa kuwa bai kai tan 12,000 ba. Gefen tudun ya zama wawakeken rami fari fat da ake hangowa daga nesa.

Mutanen ƙauyukan da ke gindin tudun suka kafa ƙungiyar Save Longstone Edge, suka haɗa kai da Friends of the Peak District da wasu ƙungiyoyi na ƙasa baki ɗaya. Su ne ke ganin manyan motoci suna fita da kaya safe da yamma, su ne ke ɗaukar hoton yadda ramin ke faɗaɗa, su ne suka hana maganar ta mutu a lokacin da hukumar ke jin tsoron kuɗin shari'a. Hukumar ta ba da umarnin dakatarwa, aka yi zaman bin bahasi a 2007, sufeto ya goyi bayanta. A 2008 Babbar Kotu ta rushe wannan hukunci, aiki ya dawo. Sai a watan Maris na 2009 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta maido da matsayin sufeton, ta ce izinin 1952 na fulosfa ne, ba lasisin cinye tudu ba ne. An ci shari'a, amma dutsen da ya tafi ya riga ya zama kwalta a wani wuri. Jimla ɗaya da ba a tsaurara ba ta jawo fiye da shekara goma ana fafatawa, kuma wannan darasi ne ya sa masu sa-kai na yau suke bin sharuɗɗan izini kalma bayan kalma, ba su tsaya ga ko an bayar ko an hana ba.

Manyan ayyuka suna da nasu ma'auni. Tun 1949 ministan da ya kawo dokar gandaye, Lewis Silkin, ya shimfiɗa cewa ba za a yi babban aiki a cikin gandu ba sai in ƙasa na da matuƙar buƙatarsa kuma babu wani wurin da za a yi shi. Wannan ƙa'ida tana nan cikin manufofin gwamnati har yau. Amma fassara ta aikin mutane ce. A gandun North York Moors, a watan Yunin 2015, mambobin hukuma suka amince da wata katafariyar mahaƙar ma'adinin takin zamani kusa da garin Whitby, da ramin ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kilomita 37 da zai kai kayan yankin Teesside da ke bakin teku. Ƙuri'a takwas da bakwai. Ƙungiyoyin kare gandaye sun yi iya yinsu, alƙawarin ayyukan yi ga yankin da ke fama da rashinsu ya rinjaya. A gandun Lake District kuma abin ya juya. A 2017, shekarar da UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya, wani kamfani ya nemi ya ja igiyoyin ƙarfe takwas a kan tafkin Thirlmere, waɗanda masu yawon buɗe ido za su riƙa rataya suna sulalewa daga wannan gaɓa zuwa waccan. Dubban wasiƙun ƙin amincewa suka kwarara. A Fabrairun 2018 kamfanin ya janye, kuma dalilin da ya bayar shi ne ma'aikatar tsaro ta ce igiyoyin hatsari ne ga jiragen yaƙi da ke atisayen tashi ƙasa-ƙasa a kwarin. Hujja guda ta fasaha ita ta yanke magana.

Waɗannan manyan rigingimu su ke shiga labarai, amma ba su ne suka fi damuna ba. Babban aiki yana zuwa da ƙara, kowa zai ji. Abin da ke cin gandu a hankali shi ne ƙananan abubuwan da kowannensu in ka ɗauke shi shi kaɗai ba za ka iya cewa laifi ba ne. Tsohon ɗakin ajiye busasshiyar ciyawa da ke tsaye shi kaɗai a tsakiyar makiyaya, a mai da shi gida. Gida kuwa yana son hanyar mota, da wurin ajiye ta, da wayar lantarki, da shinge, da fitilar waje, da ɗan lambu. Ɗaya ba komai. Ashirin a kwari ɗaya, kwarin ya tashi daga makiyaya ya koma unguwa. Da yayyafi kogi kan cika. A sauran karkarar Ingila doka ta sassauta mai da irin waɗannan ɗakuna gidaje ba tare da cikakken izini ba. A 2023 gwamnati ta nemi jin ra'ayi kan shigar da gandaye cikin wannan sassauci, hukumomin gandaye da ƙungiyoyin sa-kai suka yi ca, a 2024 aka bar gandayen a waje. Jami'i yana duba fayil ɗaya ne a lokaci guda. Wanda ya shekara goma sha biyar yana bin jerin ƙauye ɗaya shi ne ke iya cewa wannan ne na shida a wannan hanya, ya kuma lissafo sauran biyar ɗin.

Sai dai akwai zargin da ake yi wa masu wannan aiki, kuma bai kamata a share shi ba. Ana cewa masu hali ne da suka sayi gida a wuri mai kyau, suka rufo ƙofa, ba sa so kowa ya shigo. A ƙauyukan gandun farashin gida ya fi ƙarfin ɗan asalin wurin, gidaje da dama sun zama na hutun ƙarshen mako ko na haya ga baƙi, matasa suna ƙaura zuwa birni, makarantun ƙauye suna rasa yara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma manomin da ɗansa ya rasa inda zai zauna da amaryarsa yana da hakkin ya ji haushin wanda ya zo daga Sheffield ranar Lahadi yana masa maganar kyan tudu. Ita kanta doka ta ɗora wa hukumar kula da rayuwa da tattalin arzikin mazauna. Shi ya sa tsarin Peak District ya toshe gina sababbin gidaje don kasuwa kawai, amma ya buɗe ƙofa ga gidaje masu sauƙin kuɗi, da yarjejeniyar cewa sai ɗan yankin da ke da buƙata ne zai zauna a ciki, ko da an sayar.

A nan ne nake auna mai sa-kai. In ya ga takardar gina gidaje shida na 'yan ƙauye a bakin gari, da dutsen wurin, ya yi shiru ko ya bi sahun maƙwabtan da ba sa so, to ya tabbatar da zargin. In kuwa ya rubuta wasiƙar goyon baya, ya ce ga inda za a gyara hanyar shiga, to ranar da ya ce a'a ga wani abu, kwamiti zai saurare shi da kunne biyu. Wanda ke ƙin komai, jami'ai sukan san sunansa, su daina karanta wasiƙarsa da natsuwa. Gandun da babu yara da manoma a cikinsa ba shi ne Ethel ta yi wa wahala ba.

Saura ɓangaren da ya fi kowanne gajiyarwa, wato bin diddigi bayan an gama. Izini yakan zo da sharuɗɗa, amma wa zai koma bayan shekara biyu ya duba ko an shuka itatuwan da aka yi alƙawari, ko rufin da aka sa shi ne wanda aka amince? Kuɗin da gwamnati ke ba hukumomin gandaye ya daɗe yana zaizayewa, ma'aikatan tabbatar da bin doka kaɗan ne, ƙasar kuma da faɗi. Wasu ma ba sa neman izinin sam, sai su yi aikin tukuna. A tudun Midhope da ke ɓangaren arewa na gandun Peak District an shimfiɗa wata doguwar hanya ta roba a kan ƙasar da doka ta ba kariya ta musamman. Masu tafiyar ƙafa suka yi ta ƙorafi, a 2018 hukumar ta ƙi ba da izinin da aka nema bayan an riga an yi aikin, a 2021 sufeto ya tabbatar da umarnin a cire ta.

Lokaci ma yana cikin lissafi. A da, gini maras izini in ya shekara huɗu ba a ɗauki mataki a kansa ba, ya tsira ke nan, doka ba ta iya taɓa shi. Daga 25 ga Afrilun 2024 an mai da wa'adin shekara goma a Ingila ga sababbin gine-gine. Duk da haka sai wani ya gani ya kai rahoto kafin hukuma ta san da shi, kuma in rigima ta kai gaban sufeto, tambayar farko ita ce yaushe aka kammala aikin. Mai gini zai ce ya daɗe. A irin wannan zama, hoton da wani ya ɗauka da wayarsa daga kan hanyar ƙafa, da kwanan wata a jikinsa, yana nuna fili babu komai a kai, yakan zama hujjar da ake buɗe fayil da ita.